Gani ya kori ji: ina iyakar maganar?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Bayan wa'azin daren jiya musu ya kaure a ƙofar masallacinmu kan ganin wata, har wani ya ce ba zai ɗauki azumi da labari ba, domin gani ya kori ji. Shin karin maganar nan tana nufin jiyau ba shi da hujja ko kaɗan?

Ɗalibin falsafa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mutuminku yana da magabata a Turai. A 1748 masanin falsafa David Hume ya raba ilimi gida biyu, gaskiyar lissafi da abin da gaɓoɓi suka shaida, ya ce littafin da ba ya ɗauke da ɗayansu a jefa shi wuta. Masanan da suka taru wajen Moritz Schlick a Biyenna ta ƙasar Ostiriya, irin su Rudolf Carnap da Otto Neurath, sun gaji wannan rabon, suka haɗa shi da koyarwar masanin kimiyya Ernst Mach da sabon manɗiƙi (ilimin tsara hujja) na Frege da Russell, suka fitar da sanarwarsu a 1929. A wurinsu, in ka cire lissafi, zancen da babu hanyar gwada shi ba ya da ma'ana sam.

Jikar Inna: Yaya, da kakata ta ji su da ta yi dariya. Ta taɓa sayen buhun gero a kasuwar ƙauyenmu, ta ga ƙwaya tas a bakinsa, ta biya, sai da aka juye a gida aka tarar da yashi a gindi. Maƙwabciyarta kuwa ta gargaɗe ta kan mai geron tun da safe, ta ƙi saurara. Daga ranar ba ta ƙara sayen hatsi ba sai ta zura hannu har gwiwa, kuma ba ta ƙara raina maganar maƙwabciyar ba.

Ɗan kasuwa: Allah Ya jiƙan Inna. Mu ma mun ga wani mai girma ya buɗe famfo a talabijin, ruwa yana zuba, ashe tankar da ta kawo shi tana bayan katanga.

Ɗalibin falsafa: Hannun Inna ai gwaji ne, Carnap ba zai musa mata ba. Inda aka kama su shi ne, ƙa'idar tasu kanta ba ido ne ya gano ta ba.

Mai tambaya: To, watan fa?

Ɗan kasuwa: Malam, a fara tambayar mai girma inda tankar ta tafi.