Don Allah wa ya san hanyar samun takardar ƙungiya?

Salamu alaikum ƴan uwa. Mu shidda ne nan Maradi munka shirya hawan dutsen Bagzan can jihar Agadas, mita 2022, don tara kuɗɗi ma yaran da raunin ƙwaƙwalwa ya shanye ma jiki tun haihuwa. Ɗiyar yayata haka take, shekara 5 ko zama ba ta yi da kanta, kuɗin gashi wajen likita sun hi ƙarhinmu wallahi.

To inda munka maƙale, mutane sun yi alkawali amma sun ƙi turo kuɗi ta lambata wai sai sun ga takardar ƙungiya, mu ko ba mu da ita. Ina ake farawa, meri ko gwamnora? Ko mu shiga ƙarƙashin wata ƙungiya mai takarda? Da sanyin bana muke son tahiya.