Ƙaura daga Kano zuwa Ibadan da awaki da tumaki: yaya ake yi su isa lafiya?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Za mu tashi daga Kano mu koma Ibadan nan da wata guda. Akwai awaki shida jajaye, biyu na da ciki, da bunsuru ɗaya, da tumaki biyu, da 'yan kaji. Na gida ne, yara sun saba da su, ba ma son sayarwa. Wace mota ta dace, kuma me za a yi musu kafin tafiya?

Ɗan Kara:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Dabba tara a-kori-kura mai dogon baya za ta ɗauke su, in da hali kuma a nemi mota ƙirar Kanta (Canter), wadda ta fi ta girma. Kowace akuya tana son fili kamar rabin mita a faɗi, santimita 70 a tsawo, masu ciki a ƙara musu. Matsi na sa wadda ta faɗi ta kasa tashi a tattake ta, amma fili mai yawa ma matsala ne, don duk birkin da direba ya taka sai sun watse sun bugu da ƙarfe. A raba bayan motar gida biyu da katako, bunsuru da duk mai ƙaho a ɓangare guda.

A zuba yashi ko ɓuntun shinkafa kaurin yatsa huɗu a ƙasa. Ƙarfe da fitsari santsi ne, nan ake samun karaya. Kada a ɗaure su a wuya cikin mota ko kaɗan, akuya na zamewa igiya ta shaƙe ta kafin a ankara. A sa raga ko sanduna a sama saboda tsalle, a rufa tamfol ta sama kawai, gefe a bar shi iska na ratsawa. Kaji a kwando, a ɗaure shi inda kofato ba zai kai ba.

Tafiyar kusan kilomita 900 ce ta Mokwa da gadar Jebba zuwa Ilorin, in kuma aka zaga ta Abuja da Lokoja ta fi haka. Da dabba a mota ku lissafa wuni da kwana. Duk awa huɗu ko biyar a tsaya a inuwa a duba, a tashi duk wadda ta kwanta ƙarƙashin 'yan'uwanta. Wani zai ce ku haɗa su da tirelar 'yan kasuwa don sauƙin kuɗi. Ban ba da wannan shawara ba: dabbobin kasuwanni daban-daban ne a cakuɗe, kuma na yanka ne, ba wanda ya damu da abin da za su kamu da shi bayan mako biyu.

Malamin Dabbobi:
Hajiya, aikin gaske tun yanzu yake farawa, ba ranar lodi ba. A wannan makon a kai su asibitin dabbobi a yi wa awaki da tumakin rigakafin PPR, cutar nan mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo. Cibiyar bincike ta Vom kusa da Jos ce ke yin allurar, kuma tana buƙatar mako biyu zuwa uku kafin ta kama jiki, shi ya sa yin ta ana gobe tafiya ba ya tsinana komai. A wurin ku karɓi takardar shaidar lafiya, domin akan tambaye ta a shingayen hanya. Kajin ma a ɗiga musu rigakafin Newcastle, cutar nan mai kashe kaji.

Maganin tsutsar ciki da na kaska a ba su kwana 10 kafin tashi, amma a gaya wa likita waɗanda ke da ciki, don maganin tsutsa albendazole na iya lalata ƙaramin ciki. Akuya wata biyar take ɗauka. Wadda ta shiga watan ƙarshe kada ta hau mota, ɓari za ta yi ko ta haihu a hanya. A bar ta wurin 'yan'uwa, a kawo ta bayan ɗan ya yi ƙwari.

Ranar tafiya a hana su dusa da hatsi, a ba su harawa da ruwa kawai. Cikin da ya cika da dusa ga jijjiga, kumburi ne zai biyo baya. Ku ɗauki jarka biyu masu lita 25 na ruwan da suka saba sha, akuya takan ƙi baƙon ruwa, kuma kowace na shan lita biyu zuwa huɗu a rana.

In an sauka, a killace su mako uku ba tare da haɗuwa da dabbobin maƙwabta ba. Cikin kwana 10 na farko ake ganin ciwon huhu na wahalar tafiya: tari, majina, numfashi sama-sama, ƙin ci. Da an ga haka a kira likita a ranar, kada a jira gobe.

Baban Sabo:
Duk abin da suka faɗa haka ne, amma hanya ba ita ke kashe awakin Arewa a Kudu ba, damina ce. Jar akuya ta saba da busasshiyar ƙasa. A Ibadan ruwa na farawa tun wajen Maris ko Afrilu har Oktoba, laima na ruɓar da kofato, tsutsar ciki na yawa a ɗanyar ciyawa, ga ƙudan tsando mai kawo sammore a bakin rafuka. Gajerun awakin Yarbawa na jure wannan, naku ba sa jurewa. Kafin su iso a gina musu rumfa mai daɓen katako, a ɗaga shi kamar gwiwa daga ƙasa, a bar 'yar tazara tsakanin katakan don kashi ya zube.

Ku taho da harawa da kowar wake na aƙalla mako uku, da kanwa, don a nan Ibadan suna da tsada. Ɗanyar ciyawa a shanya ta ta yi yaushi, a riƙa haɗawa kaɗan-kaɗan. Ɓawon rogo suna ci, amma sai ya bushe sarai, ɗanyensa na da guba. Kuma babu sakin dabba ta yi yawo a unguwa kamar a gida, jihar Oyo na da dokar hana kiwon sake tun 2019.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗaya cikin masu cikin ta kusa, za a bar ta wurin yayata. Gobe in sha Allahu za a kai sauran asibiti.