Wace kalma ce ta dace da "recovery" a fom ɗin neman tallafi?

1/ Malamaina da 'yan uwa masu aikin fassara, ina neman shawararku kan kalmar Turanci "recovery", wadda ake rubutawa a saman fom ɗin da waɗanda ambaliya, gobara ko girgizar ƙasa ta shafa suke cikewa. Galibi "agaji" muke sawa a madadinta, kuma a ganina wannan yana cutar da masu nema.

2/ Agaji na kwanakin farko ne, lokacin ceton rai da samar da ruwa, magani da makwanci. Tallafin "recovery" kuwa sai ƙura ta lafa yake zuwa. A ma'anar da Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ita a 2017, ya ƙunshi maido da sana'a, lafiya da dukiya, har ma da inganta su fiye da yadda suke a da, kamar yadda Tsarin Sendai na 2015, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan rage haɗarin bala'o'i, ya buƙata. Wanda ya riga ya karɓi bargo da tanti, idan ya sake ganin "agaji", zai ɗauka ya gama samun rabonsa, ya ajiye takardar har wa'adi ya wuce.

3/ Sauran kalmomin da za a iya sawa ma ba su dace ba: "farfaɗowa" ta wanda ya suma ce, "murmurewa" kuma ta majinyaci. "Sake gini" ta fi damuna, domin ɗan haya da mai sana'ar da kayan aikinsa suka salwanta za su ce ba da su ake ba, alhali suna cikin mabuƙata na gaba-gaba.

4/ Ni dai "tayar da komaɗa" na zaɓa. Komaɗa ita ce lotsawar da kwano ke yi idan ya bugu, kuma mai tayar da ita ba sabon kwano yake ƙerawa ba, wanda ke hannu yake miƙewa har ya sake amfanuwa. Mun kuma saba jin ta a zancen tattalin arziki, don haka ba baƙuwa ba ce a kunne. Kan takardar sai ya zama "Fom ɗin neman tallafin tayar da komaɗa", a ƙarƙashinsa a rubuta jimla guda: "Ko da ka karɓi agajin gaggawa, kana iya cike wannan."

5/ Na san za a ce azancin magana bai dace da takardar hukuma ba. To, a karanta wa waɗanda abin ya shafa kalmomin nan da baki, a tambaye su abin da suka fahimta, kafin a kai fom ɗin maɗaba'a.