Sa ya daina tuƙa bayan sauya masa abinci: me kuka gani a naku shanun?

Mai Turka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Akwai abin da na san ba ni kaɗai yake samu ba. Za ka sayo sa daga garke, wanda tun haihuwarsa ciyawar daji kawai ya sani, ka ɗaure shi, ka fara zuba masa dusa da niƙaƙƙen hatsi don ya yi nama. Da farko yana ci hannu baka hannu ƙwarya. Daga nan sai ka ga ya ja baya daga komin abinci, ya daina tuƙa, kashinsa ya koma ruwa-ruwa, fari-fari, da kumfa a kai, ga warin tsami yana tashi. Cikin waɗanda na ɗaure bana biyu sun yi haka. Ɗaya ya warware da na janye hatsin na bar shi da ingirici, ɗayan kuwa har yanzu yau ci, gobe ƙi. An ce mini ba cuta ce ta kama shi ba, ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin tumbinsa ne suka rikice. Don Allah wanda ya taɓa gani da idonsa ya ba mu labari.

Dattijon Garke:
Wa alaikumus salam. Malam, ba hatsi kaɗai ke jawo wannan ba. Ni ban taɓa turka ba, kiwon sake nake yi, amma duk farkon damina ina ganin irinsa. Shanu sun shafe rani suna cin busasshen kara, sai ga sabuwar ciyawa mai ruwa ta fito, su afka mata, washegari garken duk zawo. In kuma suka faɗa cikin ɗanyen ganyen wake da sassafe da yunwa, sai ka ga gefen hagu ya kumbura ya yi tauri, dabba tana numfashi da ƙyar. Abin da nake yi shi ne ba na sakinsu da ciki wayam. Sai sun ci busasshe tukuna, sannan su fita, kuma a kwanakin farko ba na barinsu su daɗe a kan sabuwar.

Wanda ya daina tuƙa kuwa, abin da na tarar manya suna yi shi ne a tsaya kusa da saniya mai lafiya, a jira ta dawo da tuƙa bakinta, a cire curin da hannu tun da ɗuminsa, a tura wa mara lafiyar can cikin baki ya haɗiye. Na yi hakan, na kuma ga ya yi aiki a kan dabbar da ta rame don rashin ci.

Likitan Dabbobi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da kuke yi da curin tuƙa mu ma muna yinsa, sai dai mu da bututu muke zuƙo ruwan tumbin mai lafiya, lita da dama, mu ɗura wa mara lafiyar. Rayayyun ƙwayoyi ne ake kwasowa daga wannan tumbi zuwa wancan. Sharaɗi dai saniyar da za a ɗebo daga gare ta ta kasance an tabbatar da lafiyarta, don tarin fuka da wasu cututtuka na iya bin wannan hanyar.

Malam Mai Turka, ga abin da ke faruwa a cikin sanka. Sa ba shi ke narkar da ciyawa ba. Tumbin babban sa yana ɗaukar fiye da lita 100, kuma a kowace mililita ta ruwan ciki akwai bakteriya sama da biliyan 10, ban da sauran ƙananan halittu. Su ke cin ciyawar, su fitar da wasu sinadaran asid marasa ƙarfi, waɗanda bangon tumbi ke tsotsewa, kuma daga nan dabbar ke samun kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin jikinta. Su kansu ƙwayoyin in sun gangara gaba ana narkar da su, su ne babban furotin ɗinsa.

To, ƙwayoyin nan iri-iri ne. Masu cin ciyawa, irin su Fibrobacter da Ruminococcus, suna son pH, wato ma'aunin tsami wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, ya tsaya tsakanin 6 da 7. Da zarar hatsi ya shigo da yawa lokaci guda, sai wata mai suna Streptococcus bovis ta hayayyafa cikin sa'o'i, tana zubo asid mai ƙarfi irin na tsamin madara. Akwai masu cinye wannan asid ɗin, kamar Megasphaera elsdenii, amma su a hankali suke yaɗuwa, kafin su yi yawa tsami ya riga ya cika tumbi. Ƙasa da 6 masu cin ciyawa sun fara tsayawa. Ƙasa da 5.6 na tsawon sa'o'i, shi ne yau ci gobe ƙi ɗin da kake gani. Ƙasa da 5 kuwa dabba na kwanciya, tana iya mutuwa. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne yawu. Sa mai cin ciyawa yana fitar da yawu fiye da lita 100 a yini, cike da bikabonet mai kashe tsami, kuma tuƙa ce ke kawo shi. Niƙaƙƙen hatsi ba ya bukatar tuƙa, don haka tsami na ƙaruwa, maganinsa na raguwa.

Mahauci:
Likita, bari in faɗi abin da nake gani bayan an feɗe. Tumbin sa mai lafiya in ka juya cikinsa za ka ga tsiro-tsiro sun rufe shi ruf kamar gashin tawul, in ka murza da yatsa ba sa fita. Na sa da aka ɗura wa hatsi babu lissafi kuwa, za ka tarar tsiron sun manne da juna, sun yi baƙi, wani wurin sun zube ya zama fili sumul, da tabo fari mai siffar tauraro. Sau da yawa irin wannan in ka ɗago hantarsa sai ka ga ƙuraje, ka tsaga, mugunya mai kauri ta fito. Sa ne mai ƙiba, mai sheƙi, babu wanda zai ce yana da wani ciwo yana tsaye. Hantar dai zubarwa ake yi.

Likitan Dabbobi:
Haka ne. Tsami ne ya ƙona bangon, sai wata ƙwaya mai suna Fusobacterium necrophorum, wadda dama tana zaune a tumbi ba ta cutar da kowa, ta bi raunin ta shiga jini ta sauka a hanta. Ɗingishin da wasu ke yi makonni bayan zawon, da kofaton da ke yin zobe-zobe, shi ma yawanci daga nan ne.

Mai Bijimai:
Ni kuma ina so in tsaya wa hatsi, kada sababbin shiga su karanta su tsorata. Shekaru ina turka, kuma a ƙarshen kiwo abin da ke komina hatsi da dusa sun fi ciyawa yawa nesa ba kusa ba, ban kuma fama da wannan matsalar. Sa in ya zo wurina, makon farko ingirici ne da ruwa, da ɗan abin da bai fi cikin tafin hannu biyu na dusa ba. Ina ƙarawa kaɗan-kaɗan, sai na ga kashi ya tsaya daidai kafin in sake ƙari. Kafin ya kai cikakken ma'auni ana cin mako uku zuwa huɗu. Ba na niƙa hatsi ya zama gari, ɓarzawa kawai nake sa a yi. Ba na yanka ciyawa ƙanana sosai, don doguwar ita ke sa tuƙa. Sannan lokaci: safe da yamma, ba ya canzawa. Abin da na fi tsoro shi ne ranar da mai kula da su ya makara, suka yi yunwa, sannan aka cika komi. Mai ƙarfin cikinsu ya ture saura ya cinye rabon uku, gobe shi ne a kwance. Malam Mai Turka, duba ko biyun nan naka ba su ne masu ture 'yan'uwansu ba.

Mai Turka:
Wallahi ɗayan shi ne sarkin komi, ba ya barin kowa ya sa baki sai ya ƙoshi. Zan raba musu wurin ci.

Ɗalibar Kimiyyar Dabbobi:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in ƙara da abin da muke karantawa da wanda na gani a gonar gwaji. Muna da sa mai ƙofa a gefen ciki wadda ake buɗewa a ɗebo abin da ke tumbi. Lokacin da yake kan ciyawa, in ka ɗiga ruwan a madubin ƙara girma, za ka ga manyan halittu masu gashi-gashi suna ta iyo ko ta ina. Da aka ɗaga masa hatsi da sauri don gwaji, ruwan ya koma fari-fari mai tsami, muka duba, kusan babu mai motsi.

A 2015 an wallafa wani bincike da ya tattara samfur 742 na abin cikin tumbi daga dabbobi masu tuƙa a ƙasashe 35. Abin da ya fito shi ne manyan rukunan ƙwayoyin kusan iri ɗaya ne a ko'ina, kuma abincin da dabba ke ci ya fi jinsinta tasiri wajen wace ƙwaya ce za ta rinjayi wata. Akwai kuma labarin lusina (Leucaena), wata bishiya da ake ba dabbobi ganyenta. Ganyenta na sa shanu ciwo a Ostireliya, gashi na zuba, suna ramewa, alhali awaki a Hawai suna cinta lafiya lau. Wani masani, Raymond Jones, ya gano cewa bambancin wata bakteriya ce a tumbin awakin mai karya gubar. A shekarun 1980 aka shigar da ita tumbin dabbobin Ostireliya, suka koma cin ganyen ba matsala, har aka sa mata suna Synergistes jonesii don girmama shi.

Hajiya Mai Maraƙa:
Ni tawa matsalar daga magani ta zo. Wani mai sayar da magungunan dabbobi ya ba yaron da ke kula mini da su garin maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce a riƙa zubawa a ruwan sha kullum, wai yana sa ƙiba. Ban sani ba sai da na ga bijimai uku sun rage ci, kashi ya lalace, ciyawa na fitowa yadda ta shiga, dogaye-dogaye ba ta narke ba. Da na bincika na hana. Sun ɗau lokaci kafin su dawo daidai, kuma abin da ya taimaka shi ne ciyawa mai kyau da haƙuri. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, don dabba ba ta da bakin da za ta ce cikinta ya lalace.

A wajen 'yan maraƙa kuma na lura wanda ya tashi kusa da uwarsa, tana lasarsa, yana sa baki a abin da take ci, ya fi saurin fara tuƙa a kan wanda aka ware shi kaɗai da madara zalla.

Likitan Dabbobi:
Hajiya, kin yi daidai da kika hana. Maganin da aka ba babban sa ta baki tumbi yake fara faɗawa, kuma ba ya tantance mai cuta da mai amfani. Shi ya sa in bukata ta kama muka fi yin allura, da ma'auni, na kwanaki ƙidayayyu. Ba da irin waɗannan magunguna don ƙiba kawai, Suwidin ta hana tun 1986, Tarayyar Turai ta hana daga farkon 2006, Amurka kuma ta daina amincewa da hakan a 2017 ga magungunan da mutane ke dogaro da su. Dalilin shi ne ƙwayoyin da ke hanjin dabba suna sabawa da maganin, su fita ta kashi zuwa ruwa da gona da hannun mai kiwo, ranar da mutum ya kwanta ciwo maganin ya ƙi ci.

Game da maraƙa, ana haihuwarsu ne da tumbi ƙarami wanda bai fara aiki ba, madara ma ratse shi take yi ta wuce. Ƙwayoyin daga uwa da muhalli suke samu, kuma busasshen abincin da suke ɗan taɓawa ne ke sa tumbin ya girma.

Direban Shanu:
Ni ɗaukarsu nake yi a mota, kuma ina ganin abin da ke biyo baya. Dabba ta yi yini da kwana a tsaye, ba ci ba sha, tana sauka sai mai ita don tausayi ya cika mata komi da dusa. Waɗanda nake kai wa da suka daɗe a harkar ba sa yin haka. Ruwa suke fara ba su, sai busasshiyar ciyawa, su bar su su kwanta su huta har a ga baki ya fara motsi da tuƙa. Likita, tambayata ita ce: in tafiyar za ta wuce yini guda, ya fi kyau in tsaya a hanya in ba su ruwa da ingirici ko da zan makara, ko in wuce kai tsaye a sauke su da wuri?