Noti ya faɗa cikin injin mota, in tayar ko in dakata?

Nura, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Corolla ce ƙirar 2006. Ina canja fulogi a gida, notin da ke riƙe koyil (abin da ke ba fulogi wuta), wanda sifana lamba 10 ke kwancewa, ya suɓuce ya faɗa. Na ji ƙararsa sau ɗaya, amma bai sauko ƙasa ba. Gobe da asuba zan je Apapa. In tayar da ita haka, ko akwai haɗari?

Oga Bala, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Kada ka taɓa makulli tukuna, ƙanena. Lokacin da ya faɗi, akwai ramin fulogi a buɗe? Murfin man inji fa?

Nura, Agege:
Murfin mai a rufe yake, Oga. Fulogi uku na ɗaure, ɗaya yana waje.

Oga Bala, Idi-Araba:
To wannan ramin za ka fara haskawa da tocila. Bakin da fulogi ke ɗauruwa milimita 14 ne, notin koyil mai faffaɗan kai yakan tokare a sama, amma washa ko ƙaramin noti wucewa suke har kan fistin. Ƙarfe a cikin silinda kuwa, juyi ɗaya ya isa ya lanƙwasa bawul, ya ɓula kan fistin, ya karce bango. Daga canjin fulogi sai a koma sauke kan inji. Idan kana zargin ya shiga, ko da hannu kada ka juya injin. Nemi ƙaramar kyamarar nan mai igiya da ake jonawa da waya, ana samunta a Computer Village, Ikeja, ka zura ka gani da idonka. In ramin ba komai, toshe shi da tsumma mai tsabta kafin ka ci gaba da nema.

Malam Isuhu mai wayarin, Mile 12:
Kafin ka zura kowane ƙarfe, cire kan batir na negatif, shi ma lamba 10 ne. Babbar wayar altaneta da ta kik suna da wuta ko mota a kashe take. In sandar maganaɗisun da ake ɗauko noti da ita ta haɗa su da jikin inji, tartsatsi ne nan take, babban fis ya ƙone, wani lokacin har hannu. Cire agogo da zobe. Inji kuma ya huce sarai, domin salansar wannan motar ta baya take, daidai inda hannu ke bi.

Alhaji Garba, Alaba Rago:
Malam Nura, shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, ja birkin hannu, ka girgiza motar, ka bubbuga robar da ke rufe ƙasan inji. Yawanci a kanta noti ke kwanciya, ko a kan ƙarfen da ke ɗauke da inji, ko saman giyabos. Kunna bidiyon waya da fitila ka zura ta lunguna.

Sandar maganaɗisu mai miƙewa ita ce maganin abin. In babu, ɗaure guntun maganaɗisun tsohuwar sifika a bakin wayar ƙarfe mai kauri, ka naɗe da salatif sosai kada shi ma ya faɗa, sannan ka cusa shi cikin guntun tiyo, baki kawai a waje, don kada ya riƙa mannewa a kowane ƙarfe a hanya. Jikin wannan injin alminiyam ne, ba ya kamawa, wannan ya sauƙaƙa maka. Inda maganaɗisu bai shiga ba, ɗan giris a bakin dogon sukudireba yana ɗauko noti.

Ka fi ba da ƙarfi a gefen fasinja, wajen fanbel. Bi kowace fule da yatsa, ka duba tsakaninta da bel, sannan bayan fankar lagireto. Noti a nan yana yaga bel, caji ya ɗauke, famfon ruwa ya tsaya, inji ya yi zafi a tsakiyar cunkoson Apapa.

In sai ka shiga ƙasa, kada ka dogara da jak kaɗai. Sa abin tokare na ƙarfe a kan katako mai kauri, ƙasar Legas da damina nutsewa take, ka kuma sa waji a tayoyin baya.

Oga Bala, Idi-Araba:
Idan ramin fulogi, bel da fanka duk ba komai, kuma ka rasa shi, za ka iya tafiya. Amma kada ka bar koyil ba noti, girgiza na ɗaga shi inji ya fara tsallen wuta. Cire notin wani koyil ɗin ka kai kasuwar kayan mota ta Ladipo ko shagon noti na kusa, a ba ka M6, wato mai kaurin zare milimita 6, mai tsayi ɗaya da shi. Wanda ya fi tsayi yana tokare ƙasan rami ya cinye zaren murfin inji. Fara ɗaure shi da yatsa, sannan ka ɗan ƙara da sifana kaɗan.