return 0 ko EXIT_SUCCESS, wanne zan sa a misalan koyarwa?

Mai_Kod:
Salam 'yan uwa. Ina haɗa ƙananan misalai na yaren C saboda yaran da nake koya wa firogramin, wani abokina ya duba sai yace wai in cire duk return 0 da return 1 (lambar da firogram ke mayarwa in ya gama aiki) in sa EXIT_SUCCESS da EXIT_FAILURE. Ni a ganina duk abu ɗaya ne, ga shi kuma sai na ƙara stdlib.h, fayil ɗin da sunayen nan suke ciki, a sama yaro sabon shiga ya hau tambaya wannan kuma na mene ne. Don Allah akwai bambanci na gaske?

Dan_Tamina:
Wa alaikumus salam malam. A ɓangaren nasara kana da gaskiya, tun ƙa'idar C ta 1989 an ce 0 da EXIT_SUCCESS duk nasara suke nufi. Wajen 1 ne maganar take, ƙa'idar ba ta taɓa cewa 1 gazawa ba ce, EXIT_FAILURE kaɗai ta lamunce, kawai dai a Linux da Windows ya zo daidai da 1. A VMS ma, wani tsarin kwamfuta daban da Linux da Windows, 1 alamar nasara ce.

Yar_Injiniya:
Ni abin da ya fi damuna shine ɗalibi kwafar misali yake yi yadda ya gan shi har ya girma da shi. In ya saba da lambobi tsirara gobe zai rubuta return -1 yana ganin ya yi daidai, to ya buga echo $? (umarnin da ke nuna lambar da firogram ya mayar) a Linux ya gani, 255 zai fito, saboda bit 8 na ƙasa kaɗai ake ɗauka, exit(256) kuwa 0 zai bayar, wato firogram ya gaza amma make (manhajar haɗa firogram) ko sikirif ɗin da ya kira shi ya ɗauka lafiya lau ya wuce gaba. Kuma yaro in ya karanta EXIT_FAILURE ya san me layin yake cewa ba sai an masa bayani ba. Layi ɗaya na stdlib.h bai kai a bar wannan ba wallahi.

Baba_Unix:
Na yarda amma kar a mai da shi dole ko'ina. Dubi grep, umarnin neman kalma a cikin fayil, 0 in ya samu, 1 in bai samu ba, 2 in matsala ta faru, sunaye biyu ba za su ishe shi ba. Irin wannan sai ka sa wa lambobinka suna da kanka, ko ka ɗauko sysexits.h na BSD (wani reshen tsarin Unix), fayil ne mai ɗauke da sunayen lambobi, misali EX_USAGE, wato an kira firogram ba daidai ba, shine 64.

Mai_Kod:
Na gode ƙwarai. Zan canza su, sannan in sa darasin echo $? tun makon farko su gani da idonsu. Baba, sysexits.h ɗin yana aiki a Windows kuwa?

Baba_Unix:
A'a, ba ya cikin ƙa'idar C. In yaranka Windows suke amfani da shi tsaya a kan stdlib.h, su duba sakamako da echo %ERRORLEVEL%.