Neman kalma: me za mu kira "oesophagus" da ciwon dajinsa?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ana shirya rubutun shirin lafiya na rediyo kan ciwon dajin "oesophagus", sunan ne ya tsai da aikin. Alƙaluman na Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya ne da ke Liyon a Faransa: a 2022 mutum kimanin 511,000 suka kamu, kimanin 445,000 suka rasu. Shi ne na 11 a yawa cikin cututtukan daji, amma na 7 a kisa. Abin da aka saba rubutawa shi ne "ciwon dajin maƙogwaro". Likita, Malam, ya yi ko a sake?

Likitan tiyata: Wa alaikumus salam. A sake. Bututu biyu ne a wuya, ɗaya a gaban ɗaya. Na gaba, mai guringuntsi, wanda kake ji in ka shafa ƙasan zakaran wuya, iska yake kai wa huhu. Na baya, wato "oesophagus" ɗin, tsoka ce, a lafe yake sai loma ta zo ya buɗe. Tsawonsa kamar santimita 25: ya sauka ta bayan zuciya, ya ratsa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ya shiga tumbi. Wato mafi yawansa a ƙirji yake. In ka ce maƙogwaro, mai sauraro wuyansa zai shafa, alhali mai cutar sau da yawa tsakiyar ƙirji yake nunawa ya ce, "Nan tuwo yake tsaya mini." Ga shi kuma akwai ciwon dajin akwatin murya, wanda kan fara da dusashewar murya, likitansa ma daban. Shi ya fi cancantar sunan maƙogwaro.

Malamin Hausa: Likita ya yi gaskiya. Bahaushe ya san hanya biyu ce, shi ya sa in ruwa ya kuskure hanya ake cewa mutum ya ƙware. Sai dai bai raba sunayen da kyau ba. Maƙoshi ya fi kusa da ci da sha, tunda shi ne ke bushewa, shi ake jiƙawa, amma a bakin mutane da yawa maƙoshi da maƙogwaro duk ɗaya ne. Ina ba da "mahaɗiya", a kan tsarin majema da maƙera: wurin da haɗiya ke bi.

Mai fassara: Allah ya gafarta Malam, a takarda ta yi kyau, a rediyo kuwa za a ji kamar mahaɗa, inda hanyoyi suka haɗu. "Hanyar abinci" fa?

Malamin Hausa: In ka ce wani ya samu matsala a hanyar abincinsa, za a ɗauka an kore shi daga aiki ne.

Ma'aikaciyar jinya: "Bututun abinci" ma kada a sa. A asibiti, shi ne mutane za su ɗauka robar da ake zurawa ta hanci a ba majiyyaci abinci. Ni shawarata a sa haɗiya cikin sunan, don ita ce alamar. Tafiyar cutar sananniya ce: nama da ƙanzo su fara tsayawa, mutum ya riƙa kora kowace loma da ruwa, ya koma tuwo mai laushi, ya koma kunu, a ƙarshe ko yawu ya gagara, ga rama. Iyali kan ce ai yana cin abin da ya samu, ba a lura cewa watanni ne ke wucewa ba. In ƙarin, wato tsiron dajin, ya huda zuwa bututun iska, duk kurɓin ruwa sai tari ya sarƙe shi, huhu ya kamu.

Likitan tiyata: Sista ta taɓo inda gizo ke saƙar. Bututun yana da talewa, don haka ba a jin komai sai ƙarin ya cinye fiye da rabin zagayensa, ko ƙofar ta ragu zuwa milimita 13 ko ƙasa. Kuma ba shi da tantanin waje irin na hanji, sai cutar ta yi saurin kaiwa ga kaluluwa da maƙwabtan gaɓoɓi. Ko a Amurka, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke kai shekara biyar bayan an gano ta. Inda ake zuwa a makare, abin da ya rage sau da yawa shi ne a sa ragar ƙarfe mai buɗe kanta a wurin da ya tsuke, don mutum ya samu ya haɗiya. Na goyi bayan Sista, a ce "bututun haɗiya".

Mai fassara: To, rabin farko fa: sankara, daji ko kansa?

Malamin Hausa: Duk uku ana ji. Amma sankara da sanƙarau sun yi kusa a kunne, balle lokacin zafi da ake shelar rigakafi. A rediyo a ce ciwon daji.

Likitan tiyata: Saura abu ɗaya, don labarin yaɗuwar cutar a duniya ba zai fito ba sai an raba ta biyu. Nau'i na farko daga shimfiɗar cikin bututun yake tasowa, galibi a sama ko tsakiya, kuma shi ne kimanin kashi 85 cikin 100 na duniya. Gidansa wani zirin ƙasa daga Golestan a arewacin Iran, ta tsakiyar Asiya, har lardin Henan na ƙasar Sin, da wani zirin daga Habasha ta Kenya, Tanzaniya da Malawi zuwa Afirka ta Kudu. Sin kaɗai na da kusan rabin masu cutar. Sanadinsa taba, giya, ƙarancin kayan lambu, da abin sha mai tsananin zafi: a 2016 hukumar da ka ambata ta sa abin sha da zafinsa ya haura digiri 65 a ma'aunin Selshiyas cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ta. A Golestan, masu shan shayi mai digiri 60 ko fiye, mililita 700 ko fiye a rana, haɗarinsu ya kusa ninkawa. Juya shayin nan da mai shayi ke yi tsakanin kofi biyu ba ado ba ne, yana da amfani.

Nau'i na biyu a ƙasan bututun yake, dab da tumbi, inda ruwan tsamin ciki ya yi shekaru yana dawowa har shimfiɗar ta sauya kama. Ƙiba ce ke iza shi. Tun shekarun 1970 yake hauhawa a Amurka, Birtaniya, Holan da Ostireliya, har ya wuce na farko a can. Na farkon kuwa yana raguwa a wurare da dama, har da Sin, inda ake duba 'yan shekara 40 zuwa 69 a yankunan haɗari da na'urar leƙa ciki: a fesa aidin, lafiyayyen wuri ya yi ruwan ƙasa, wuri mai matsala ya ƙi karɓar launi, a tsakuri nama daga nan.

Mai fassara: Ke nan na biyun a kira shi "na ƙwannafi"?

Likitan tiyata: A'a, Malam, za ka tsorata rabin gari. Ƙalilan ne cikin masu ƙwannafi ke kaiwa nan. Ka ce "na sama" da "na ƙasa", ka bi da bayani.

Ma'aikaciyar jinya: A ƙididdiga Afirka ta Yamma na cikin yankuna masu ƙarancin cutar, amma a ambaci sodar haɗa sabulu. Yara kan sha ta in an ajiye a gorar ruwa, ta ƙone bututun ya tsuke, bayan shekaru masu yawa tabon na iya zama daji. Kuma kada a sa yaron amai, don sodar za ta sake ƙona inda ta bi. A garzaya asibiti.

Mai fassara: Na gode, na rubuta. Karon farko a shirin za a ce "ciwon dajin bututun haɗiya, wato bututun da ke kai abinci daga maƙoshi zuwa tumbi", daga nan sunan kaɗai. Sista, a turo yadda za a faɗi alamomin cikin jimla biyu kafin Alhamis.